Masu mota mai ɗaki a Kebbi, ku ba mu labarin yadda kunka yi

Ɗan Argungu: Salamu alaikum jama'a. Ina son shigo da irin motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, saboda harkar sayen shinkafa kullum ina tsakanin Argungu, Suru da Yauri, kwanan masauki ya ishe ni wallahi. Wanda ya taɓa shigo da ita don Allah ya hwaɗa muna abin da ya gani da idonshi.

Alhaji na Jega: Wa alaikumus salam. Malam fara duba sitiyari kafin komi. Na Ingila suna da arha amma sitiyarinsu dama ne, mu kuma tun 1972 munka koma bin hannun dama, ba za a yi maka rajista ba sai an juya, kuma juya sitiyarin babbar mota irin wannan ba wasa ba ne. Tawa Fiat Ducato ce daga Jamus, ta tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas ta biyo don tun 2017 aka hana shigo da mota ta kan tudu, zancen Kwatano zuwa Kamba bai ma taso ba.

Mai Waya BK: Alhaji ya yi dabara da ya ɗauko ta Jamus, wutarsu 230 ce irin tamu. Ni ta Amurka anka kawo man shago, kan Ford, komi na cikinta 120 ne, soket, caja, AC na saman rufi, yaron mai motar ya jona ta da janareto kai tsaye nan take caja ta ƙone har wari ya cika ɗakin. Sai da munka sa tiransifoma, daga baya mai ita ya ce a cire duka a sa sola da inbata. Kan tukunyar gas ɗinsu ma bai shiga silindarmu, dole a canza regileta.

Maman Hafsa: Ku maza wuta da inji kawai kuke kallo. Mun je Zuru da ta maigida cikin watan Afrilu, zafin ya wuce 40, ciki kamar tanda, firjin da ya zo da ita ko ruwa bai sanyaya ba. An gina ta ne don ƙasar sanyi, hita ce a ko ina. Sannan banɗakin ɗan ƙarami ne ko buta ba ka da wurin ajewa, tankin ƙazantar kuma ƙarami ne ba a yi shi don masu tsarki da ruwa ba, nan da nan ya cika, ga shi babu wurin zubarwa a hanya sai an roƙi masai. Mun sa raga a tagogi saboda sauron fadama, wannan kam ya yi amfani sosai.

Alhaji na Jega: Hajiya gaskiyarki. Ƙari kuma cikinta ƙasa yake sosai, tankin ruwa na taɓa ƙasa in ka sauka daga kwalta, sai da bakanike ya ƙara mata sifirin baya. In sabuwar dizal ce mai AdBlue, ruwan da ake zuba mata don rage gubar hayaƙi, ka yi tunani, man da ake samu a ƙauye na toshe tacen hayaƙinta sai ka ga ta ƙi gudu.

Ɗan Argungu: Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Alhaji kayan Ducato ɗin a Sakkwato kake samu ko sai an aika kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas?

Alhaji na Jega: Filta da birki ana samu nan kusa, abin inji kam sai Legas.