Tsutsa ko mai yaɗo? Neman sunan worm da Hausa

1/ Malamai, ku taya ni. Muguwar manhajar nan da Turawa ke ce wa worm, me za mu kira ta? An saba cewa "tsutsa", amma kalmar ba ta kwanta mini ba. Ka ce wa mutum tsutsa ta shiga kwamfutarsa, abin da zai zo masa a rai shi ne wani abu mai jan ciki, yana ɓarna a wuri guda.

2/ Alhali ita gudu gare ta. A Janairun 2003, wata worm mai suna Slammer ta kama kwamfutoci wajen 75,000 cikin minti goma, duka-duka girmanta bayit 376. Ba ta jiran ka latsa komai. Da kanta take ƙwanƙwasa adireshi bayan adireshi, ƙofar da ta tarar a sake ta faɗa. Bairos kuwa sai ya maƙale a jikin fayil, wani ya buɗe.

3/ Wani abokin aikina ya ce "wutar daji". Da daɗi a baki, sai dai 'yan jarida sun riga sun cinye ta, kowace jita-jita wutar daji ce.

4/ Ni na fi karkata ga "mai yaɗo". Tsiro mai yaɗo, reshe ya taɓa ƙasa ya yi saiwa, daga nan ya sake miƙa hannu. Sunan ma yana nuna maganin: ba a ƙona gona saboda yaɗo, hannun ake datsewa. Kwamfutar ma'aikaci wurare kaɗan da ta saba take komawa. Wadda ta kamu kuwa tana iya neman ɗaruruwan sababbin adireshi a daƙiƙa. Daga nan masu bincike na kamfanin kwamfuta HP suka fito da dabara a 2002: a jera sababbin haɗin da kwamfuta ke nema da wasu kwamfutoci a layi, a riƙa sakin ɗaya a daƙiƙa. Mai aikinsa ko lura ba ya yi, ita worm ɗin kuwa ta maƙale.

5/ Worm ɗin WannaCry ta 2017, wadda ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ta ƙofar sadarwar kwamfuta mai lamba 445 take bi, kuma tun wata biyu kafin nan Microsoft ta fitar da facin, wato gyaran manhaja da ke toshe ɓarakar. Ka rufe wannan ƙofar tsakanin kwamfutocin da ba sa buƙatarta, ka killace wadda ta kamu, ba sai ka zare wayar ofis gaba ɗaya ba.

6/ "Killacewa" ta zauna, "faci" ma haka. Saura wannan jerawa a layin. Na rubuta "shaƙewa", amma kamar ta yi tsauri, tunda ana barin ɗan numfashi. Wa ke da wadda ta fi?