Tsuntsayen nan sun ƙi tsayawa in ɗauke su hoto, a taimaka

Bagumele_Minisota

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu harkar hoto ku zo ku fitar da ni. Wannan ne hunturuna na biyu a Miniyafolis ta ƙasar Amurka, bara dai ba abin da na tsinana sai rawar ɗari da zaman ɗaki, to bana maƙwabcina wani dattijon Bature ya ba ni wata 'yar gorar roba mai huji-huji wadda ake zuba wa tsuntsaye abinci, na rataye ta a bishiyar bayan gida na ɗura mata baƙar ƙwayar sanfulawa. Kwana uku ba kowa, ran na huɗu sai ga su kamar an yi shela.

Akwai wani ɗan mitsitsi mai baƙar hula da farin kumatu, cikadi suke ce masa, bai fi tsuntsun tsada girma ba. Akwai janko, shi toka-toka ne da farin ciki, ba ya hawa gorar sai dai ya tsinci abin da ya zubo ƙasa. Sai kuma kadinal, namijin ja wur da tukku, wallahi in ya sauka kan dusar ƙanƙara sai ka ce an ɗiga jini a farin yadi.

Matsalar ita ce hoto. Ina da tsohuwar kyamara da lens mai kaiwa 300mm, ranar Asabar na danna ya fi sau ɗari huɗu ta tagar kicin, ko ɗaya babu na nunawa. Wani gorar ce ta fito tar tsuntsun kuwa dishi-dishi, wani jela kawai na kama, wani kuma dusar ta koma ruwan toka tsuntsun ya zama baƙi ƙirin kamar gawayi. Da na yi ƙarfin hali na fita waje batir ya mutu kafin in gama saiti. Shin lens ɗin ne ya yi kaɗan in nemi babba? Don uwargida ta riga ta ce kada in kuskura in taɓa kuɗin haya saboda tsuntsu.

Kawu_Toronto

Wa alaikumus salam. Ɗana ka bi maganar uwargida, kada ka sayi komai tukuna. 300mm ta ishe ka a bayan gida in dai tsakaninka da su bai wuce mita uku zuwa huɗu ba. Ni shekarata ta farko haka na yi ta zargin kyamara alhali ni ne ban zauna na kalli tsuntsun ba.

Ka ajiye kyamara gobe ka zauna da shayinka ka kalli cikadin nan na minti ashirin. Za ka ga ba ya zama a kan gora, ƙwaya ɗaya tak yake sura ya tashi, ya je kan reshe ya danne ta da ƙafafu ya yi ta sara har ya fasa, wani lokacin ma ɓoye ta yake a ɓawon bishiya don gaba. Kuma kafin ya sauka kan gorar yawanci sai ya ɗan tsaya a wani reshe kusa ya duba hagu da dama. To a reshen nan hotonka yake, ba a jikin roba ba. Ka samo busasshen reshe mai ɗan kyau, ka ɗaure shi kamar taku ɗaya ko biyu daga gorar, ka ɗora kyamara a ƙafa uku ka saita ta a kan reshen tun kafin su zo, sai ka jira. Kai ka daina bin tsuntsu da kyamara, ba za ka taɓa cim masa ba, abin da nauyinsa bai wuce giram 11 ko 12 ba. Ka kuma duba abin da ke bayan reshen, in katanga ko kwandon shara na manne da shi za su fito, in kuwa bayan na da nisa sai ya narke ya zama launi kawai.

Sai saiti. Saurin kiftawar kyamara kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa, in kana son kama shi da fiffike a buɗe sai 1/2000 ko fiye. Hasken hunturunku ba shi da ƙarfi don haka ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 1600, ko 3200 in gari ya lumshe, kada ka ji tsoron 'yan ɗige-ɗigen nan da ke fitowa, su ana iya rage su a kwamfuta amma hoton da ya girgiza ba shi da magani. Batun dusa ta koma toka kuwa, kyamara ce ke ganin fari ya yi yawa sai ta ɗauka haske ya wuce kima ta rage, shi ya sa tsuntsunka ya zama gawayi. Ka nemi maɓallin nan mai alamar +/- ka kai shi +1, in dusar ta cika hoton har kusan +2.

Taga ita ce babbar ɓarauniyarka. Tagogin ƙasashen nan gilashi biyu ne wasu ma uku, ga ragar sauro a waje, in ba ka cire ragar ba ko wace irin lens ka saya a banza. In dole ta gilashi za ka ɗauka, goge shi ciki da waje, kashe fitilar kicin, matso da bakin lens ɗin dab da gilashin kuma a miƙe ba a karkace ba. Wani abin da ya daɗe yana ba ni wahala, na ɗauka in na buɗe tagar shi ke nan, ashe ɗumin ɗaki in ya fita ya haɗu da sanyin waje iskar rawa take, irin yadda kake ganin kwalta na kawalwalniya da rana a hanyar Gumel, sai hoton ya fito laushi-laushi. Yanzu sai in rufe ƙofar ɗakin in kashe hita in bar shi ya huce, in sa rigar sanyi in zauna. Batir kuwa ka samu na biyu ka sa a aljihun ciki jikinka na ɗumama shi, kana musanyawa, wanda ya mutu in ya ji ɗumi yakan farfaɗo. In ka fita waje da kyamarar, kafin ka shigo ka sa ta a leda ka ɗaure ta yi kamar awa ɗaya, in ba haka ba raɓa za ta kwanta mata har cikin lens.

Maman_Biyu_Lids

Kawu ya gama magana kan kyamara, ni da waya nake ɗauka don haka ba ni da ta cewa a nan. Amma Malam tunda ka fara ciyar da su to ka ɗauki amana. A nan Ingila wata cuta ta ɓulla tun 2005 ta yi wa wasu korayen tsuntsaye mummunar ɓarna, kuma a wurin cin abincin nan suke shafa wa juna. Ka riƙa sauke gorar kana wankewa aƙalla duk sati biyu, ruwa kashi tara bilic kashi ɗaya, ka ɗauraye sosai ta bushe kafin ka mayar. In ka ga wani ya kumbura ya yi zugum ba ya gudun mutum kada ka ce ka samu mai tsayawa hoto, ba shi da lafiya ne, ka sauke gorar na ɗan lokaci su watse. Sannan gorar ko dai ta kasance dab da taga, ƙasa da mita ɗaya, ko can nesa kamar mita goma, tsaka-tsakin nan ne suke tasowa da gudu su daki gilashi.

In kana so su ɗan daɗe a wuri ɗaya ka yi musu kitse. Ni wurin mahauci nake karɓo kitsen ƙodar saniya in narka in zuba dakakkiyar gyada marar gishiri, in ya fara daskarewa in mulmula. Ka shafa kaɗan a bayan reshen da Kawu ya ce, ta inda kyamara ba za ta gani ba. Ban da man da aka soya nama da shi, yana da gishiri kuma yana ɓata musu gashi. Ka dai rubuta a jikin robar in za ka sa a firij, Baban Biyu ya taɓa ɗauka dakuwa ce ya gatsa, har yau yaran ba su bar shi ya huta ba.

Mu ƙarshen Janairu ake ƙidayar tsuntsayen lambu ta ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB, awa ɗaya kawai, tun 1979 ake yi. Ku ma kuna da taku ta kwana huɗu a Fabrairu. Manhajar Merlin ta jami'ar Cornell kyauta ce, ko hoton bai yi kyau ba takan gane tsuntsun.

Dan_Nguru

Ikon Allah! Mu nan muna kwana a gona da gwangwani muna korar jan baki, ku can kuna sayen hatsi da dala kuna roƙonsu su zo su ci. Yallabai a turo mana kuɗin mu aiko muku da buhu goma na tsuntsun da ransa.

Wasa dai nake. Gaskiya ni ma ina ɗan taɓawa, kuma baƙin da suka gudo wa sanyin Turai ai wurinmu suke sauka, daga Satumba zuwa Oktoba za ka fara ganinsu a fadamun Haɗeja da Nguru har wajen Dagona, sai Maris ko Afrilu su juya. Akwai wani mai rawayan ciki da ke bin ƙafar shanu yana kaɗa jela, Hajiya ta Lids wataƙila naku ne muke riƙe muku. Mu ba abinci ke jawo su ba, ruwa ne. Kaskon ruwa na ajiye a gindin darbejiya da ɗan dutse a ciki, da hantsi sai ka ga layi. Ku dusa ke ruɗa muku kyamara mu kuma hazo, in ya sauko komai fari fat yake fitowa.

Bagumele_Minisota

Na gode ƙwarai Kawu, Hajiya Allah ya raya biyu, Dan Nguru kai kuma Allah ya shirye ka. Kawu wata tambaya, na ga wata siririyar baƙar ƙwaya a kanti an rubuta Nyjer, daga Nijar ake kawo ta ne?

Kawu_Toronto

A'a sunan ne ya yi kama, asalinta Habasha ne, Indiya ma na nomawa. Gasa ta ake yi kafin a shigo da ita don kada ta tsiro. Wasu ƙananan tsuntsaye da ake ce wa golfinc ne ke sonta kuma tana buƙatar gora mai ƙananan huji. Jankonka dai ka watsa masa farin geron nan nasu a ƙasa, ka kwanta rub da ciki ka ɗauke shi daidai ido.

Bagumele_Minisota

To jama'a an dace. Na cire raga, na ɗaure reshe, na kashe hita na zauna da safar hannu uwargida na ta mita daga falo. Cikin ɗari da wani abu guda uku sun fito, ɗaya cikadin ya danne ƙwaya da ƙafa ya ɗago kai, har ɗan haske ana gani a ƙwayar idonsa. Kadinal ne dai har yanzu yake ja min rai, ba ya zuwa sai dab da magariba, nan kuwa huɗu da rabi rana ta faɗi, ko na kai ISO 3200 duhu ne. Zan gwada shi da sassafe bayan asuba. Sannan Hajiya kitsen ya yi aiki fiye da kima, da safen nan na tarar kurege ya cinye shi tas ya tsinke igiyar, reshen na kwance cikin dusa. Wayar ƙarfe zan nemo in ɗaure da ita.