Laftof ɗina ta ƙi hawa wifi ɗin makaranta amma wayata na hawa lafiya lau

Ɗan_Aji4:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana kwamfuta a taimaka min, yau kwana uku ina fama da abu ɗaya. In na shiga laburare na kunna laftof tana ganin wifi ɗin makaranta har ta haɗu, amma a ƙasa sai ta rubuta No internet, shafin da muke saka lambar rajista da fasiwod ɗin ma baya buɗewa, wani lokaci ya fito da jan gargaɗi wai connection is not private. Wayata kuwa a kan teburi ɗaya tana hawa ba matsala. Laftof ɗin 'yar tokumbo ce, Windows 10, batirinta ya daɗe da mutuwa sai a jikin caja take aiki. A hostel in na haɗa ta da hotspot bayan ɗan lokaci tana yi, amma data ta cinye ni wallahi, ga furojet a gaba.

Injiniya_Sak:
Wa alaikumus salam. Fara da wannan: buɗe cmd, wato baƙar tagar nan ta Windows da ake rubuta umarni, ka rubuta ipconfig ka duba lambar da ke gaban IPv4, wato adireshin da netwok ke ba kwamfutarka. In ta fara da 169.254 to ba a ba ka adireshi ba kenan, Windows ce ta ƙirƙiro wa kanta. Yana faruwa sosai a laburare da rana, kowa da waya da laftof har adireshin da ake rabawa ya ƙare. Rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew, ko ka gwada da sassafe kafin mutane su cika.

Ɗan_Aji4:
Na duba yallaɓai, 10 ta fara da shi ba 169 ba. Jiya ma bakwai na safe na je, haka ta yi.

Ummu_CS:
To an ba ka adireshi, matsalar a shafin shiga take. Ɗan'uwa ko akwai VPN a kai, wato manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta wata ɓoyayyiyar hanya? In akwai kashe shi tukuna. Sannan duba ko wani ya taɓa saka maka DNS (mai mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa) da hannu, irin 8.8.8.8 ɗin nan da masu gyara ke son sakawa, mayar da shi automatic, don wasu netwok ɗin sai ta nasu DNS suke tura ka shafin shiga. Sai ka buɗe neverssl.com, shi http ne zalla, ba https mai tsaro ba, yakan jawo shafin ya fito dole.

Baban_Lab:
Duk abin da suka faɗa daidai ne amma ni maganar batirin nan ce ta tsaya min. Yaro duba agogon kwamfutarka, yau nawa ga wata take nunawa, wace shekara? Akwai wani ɗan ƙaramin batiri a jikin bod ana ce masa CMOS, shi ke riƙe lokaci in an kashe na'ura, to in ya mutu ga babban ma ya mutu, duk sanda ka zare caja agogo ya koma baya. Shafin shiga kuma yana da satifiket mai ranar farawa da ranar ƙarewa, burauza ta duba agogonka ta ga ba ka cikin wannan tsakanin sai ta ƙi. A hostel hotspot ba ya tambayarka komai shi ya sa Windows ke samun damar gyara lokacin da kanta, a makaranta kuwa ba za ta gyara ba sai ka shiga, ba za ka shiga ba sai ta gyara. Danna Advanced a ƙasan jan gargaɗin nan ko ka karanta ƙananan rubutun, in ka ga ERR_CERT_DATE_INVALID shi ne.

Ɗan_Aji4:
Kai Baba Allah ya ƙara girma!! 2015 take nunawa wallahi, ni ban ma taɓa kallon wajen ba. Na gyara da hannu shafin ya buɗe nan take, daga laburaren ma nake wannan rubutun. Na gode Malama Ummu, VPN ɗin ma na same shi a kunne na kashe.

Baban_Lab:
Madalla. Amma gobe in ka zare caja zai sake komawa fa. Kai ta wajen mai gyara ya canza CMOS ɗin, yawanci CR2032 ne, a wasu laftof ɗin a naɗe yake da 'yar waya mai fulogi, don haka kar ka saya tukuna sai ya buɗe ya ga irin naka.