Har ina ya dace a zuƙe batirin LiPo a motar rimot?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motar rimot ɗina tana amfani da batirin LiPo (lithium polymer, irin wanda ake caji) mai sel biyu, wato ƙananan batura biyu a haɗe da ake kira 2S, mai ɗaukar cajin 5000mAh. Na'urar sarrafa gudu, wadda ake kira ESC, tana yanke wuta idan lissafinta ya kai bolt 3.0 a kowane sel, kuma tun da na sayi motar nake tuƙa ta har sai ta tsaya da kanta. Yanzu batirin ya fara kumbura, ga shi ba ya daɗewa kamar da. Shin 3.0 ɗin ne ya yi ƙasa da yawa, kuma a nawa ya kamata in saita?

Baban Zahra:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bolt 3.0 iyaka ce ta ƙarshe da ba a so sel ya ƙetare, ba wurin da ake nufa kullum ba ne. Sel yana cika a 4.2, kuma da zarar ya sauka ƙasa da 3.6 a awon da aka yi lokacin da yake hutawa, abin da ya rage a cikinsa ƙalilan ne, sai ƙarfin ya riƙa faɗuwa da sauri, ta yadda mintin ƙarshe da kake ƙoƙarin ci shi ne yake cinye rayuwar batirin. Ni ina saita yankewar a 3.4, amma abin da na fi dogara da shi shi ne awon da nake yi bayan batirin ya huta kamar minti goma: idan na ga 3.7 ko sama da haka kaɗan a kowane sel, na san na tsaya a kan kari. Akwai kuma hanyar caja. Masu harkar nan ba sa cire fiye da kashi 80 cikin ɗari, saboda haka idan cajarka ta mayar da fiye da 4000mAh cikin naka, ka wuce gona da iri.

Mai Gyaran Lantarki:
Ina tare da Baban Zahra, sai dai akwai abin da ya fi damuna. ESC ba ta ganin kowane sel shi kaɗai, jimilla take aunawa. Idan ta yanke a bolt 6.0, mai yiwuwa sel ɗaya yana kan 3.3, ɗayan kuma ya faɗa 2.7, kuma raunanan nan ne zai fara lalacewa. Idan sel ya yi ƙasa ƙwarai, jan ƙarfen da ke cikinsa yana soma narkewa, sannan lokacin caji ya sake taruwa inda bai dace ba, wanda hakan kan iya haɗa wuta ta ciki har ya jawo gobara. Malam, ka nemi ƙaramar ƙararrawar nan da ake sokawa a wayar daidaita sel, wato ƙaramar wayar batirin da ke haɗe da kowane sel, domin ita tana duba su ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma ka bar batir a jone da ESC bayan tuƙi, don tana ci gaba da shan wuta a hankali.

Abu Yasir:
Ban yarda 3.4 ya dace da kowace mota ba. Lokacin da aka take gudu, ƙarfin batir yakan nutse na ɗan lokaci sannan ya dawo, musamman a tsohon batir ko wanda lambar C ɗinsa, wato ma'aunin yawan wutar da yake iya fitarwa a lokaci guda, ba ta kai abin da injin ke ja ba, sai motar ta riƙa yankewa alhali da sauran caji. A irin wannan hali 3.2 ya wadatar, muddin awon bayan hutu yana komawa wajen 3.7. A kula da zafi ma, kada batir ya haura digiri 60 a ma'aunin Selshiyos.

Ɗan Koyo:
Na gode ƙwarai, malamai. Na auna bayan hutu, sel ɗaya 3.5 ne, ɗayan 3.1. Zan iya ci gaba da amfani da shi idan na ɗaga yankewar?

Mai Gyaran Lantarki:
A'a, ɗan'uwa, kumburin iskar gas ce daga sinadarin ciki da ya lalace, kuma ba ya komawa daidai. Kada ka huda shi, kada ka sake cajinsa. Ka ajiye shi nesa da abin da zai kama wuta har ka kai shi inda ake karɓar tsofaffin batura. Sabon kuwa, duk ranar da zai kwana biyu ba a amfani da shi, ka bar shi a 3.8 kowane sel.