Ƙanena bai faɗi ainihin abin da ya koro shi ba a ganawar farko, shin ya makara?

Yayar Wani:

Assalamu alaikum. Ba zan ambaci suna ko gari ba, don Allah kada a tambaye ni.

Ƙanena yana neman mafaka a wata ƙasa ta Tarayyar Turai. Abin da ya raba shi da gida shi ne an gano maza yake so. Wasu samari ne suka yaudare shi ta waya, suka kira shi wani ɗaki, suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka ɗauke shi bidiyo, suka yi ta tatsar kuɗi a hannunsa har ranar da bidiyon ya faɗa wayar kawunmu. Ni na kai shi aka ɗinke masa bayan kunne, har yau gashi bai sake fitowa a wurin ba. A gidanmu yanzu ni kaɗai nake ɗaga wayarsa.

A ganawar farko da jami'an mafaka bai faɗi wannan ba. Ya ce yana shiga tafintan ya gaishe shi da irin Hausarmu, nan take bakinsa ya mutu, sai ya ce rigimar gado ce ta koro shi. Yanzu an sa masa ranar babbar ganawa.

Ga kuma wadda ta fi hana ni barci. Yana ɗauke da ƙwayar HIV, maganin da ya tafi da shi ya kusa ƙarewa, kuma ya ƙi zuwa wurin likita don yana ganin in aka sani za a tasa ƙeyarsa. Su huɗu ne a ɗaki. A robar bitamin yake zuba maganin, a banɗaki yake sha. Jiya har cewa ya yi zai riƙa sha yau ya tsallake gobe, don ya ja kwana.

In ya faɗi gaskiya yanzu, ba za a ce shirya ta ya yi ba? Wace irin shaida za su nema? Kuma ciwon zai ɓata masa takarda?

Nas Mai Aikin Dare:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kira shi yau ɗin nan, ki ce kada ya tsallake ko ƙwaya ɗaya. Shan magani da giɓi shi ke ba ƙwayar cutar damar sake yawa a jini, har ta daina jin maganin. Wanda kuwa yake sha kullum har ta yi ƙasan da gwaji ba ya ganin ta, yana rayuwarsa cikin ƙoshin lafiya, kuma ba ya sa wa abokin kwanciyarsa.

Ya ɗauki robar maganin ta asali in tana nan, ko hoton takardar jikinta, ya je wurin likita gobe. Mafi yawan waɗanda suka fara shan magani a Afirka haɗin tenofovir, lamivudine da dolutegravir ake ba su, ƙwaya ɗaya a rana. Ba lallai a can a ba shi mai kala da siffa irin wadda ya saba ba, kada hakan ya tayar masa da hankali. Za su ɗebi jini su duba yawan ƙwayar cutar da lafiyar ƙoda.

Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa kusan duk ƙasashenta ba mai neman mafaka kulawar gaggawa da maganin cutar da ba ta jira. Likita kuma amanar sirri ce a wuyansa. Ba a hana mutum mafaka don yana da HIV; abin da ake dubawa shi ne haɗarin da ke jiransa in ya koma.

Abu ɗaya kuma, don na ga yadda irin wannan tsoro ke cin mutum: ya gaya wa likitan in ba ya barci ko yana firgita da dare. Tun ranar 17 ga Mayu 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire son jinsi ɗaya daga jerin cututtuka, saboda haka babu likitan da zai ce zai yi masa maganin yadda yake. Abin da duka da fargaba suka bar masa a zuciya, shi ake yi wa magani.

Tsohon Tafinta:

Hajiya, aikin da ya firgita ƙanenki shi nake yi, kuma na fahimce shi sarai. An ɗaure mu da alkawarin riƙe sirri, amma yaron da 'yan'uwansa na jini suka juya wa baya ba zai yarda da baƙo don an ce ya sa hannu a takarda ba. Yana da damar neman a canja tafinta, ko ya ce mace yake so, ko a yi ganawar da wani harshen in ya iya shi sosai. Ya nema a rubuce, kafin ranar. Ƙa'idojin da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2012 kan irin wannan shari'a sun ce a mutunta irin wannan buƙata.

Bai makara ba. A Disamba 2014 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ba za a ƙaryata mutum ba don kawai bai bayyana wannan al'amari a karon farko ba. Ta haramta yi masa tambayoyi dalla-dalla kan abin da ke faruwa a shimfiɗa, ta haramta karɓar bidiyon tsiraici a matsayin shaida. A 2018, a ƙarar wani ɗan Najeriya da ya nemi mafaka a Hungary, ta hana dogaro da gwajin masanin halayyar ɗan Adam don a tantance wa mutum yake so. Kafin nan, a 2013, ta ce ba za a ce wa mutum ya koma gida ya ɓoye kansa ba. Kotun Ƙolin Birtaniya ma haka ta ce tun 2010.

Sai dai ba zan ruɗe ki ba. Ƙanenki ba shiru kawai ya yi ba, wani labari daban ya bayar, kuma za a tambaye shi dalili. Ya nemi lauya ko ƙungiyar da ke taimaka wa masu neman mafaka irinsa, a rubuta wa hukuma gyara tun kafin ganawar, ya faɗi yadda abin ya faru: na ji Hausa, na tsorata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ki kuma sani, hukuncin 2013 ɗin ya ce kasancewar doka mai hukunta masu neman jinsi ɗaya a ƙasar mutum, ita kaɗai ba ta wadatar ba. Ƙasashe sama da 60 ke da irin dokar. Sai ya nuna ana aiki da ita, ko ya nuna abin da ya same shi da cewa babu hukumar da zai kai wa kuka ba tare da shi ma an kama shi ba. Saƙonnin barazana, shaidar kuɗin da ya tura musu, da rahoton likita kan tabon nan, duk su yi amfani. Kada ya sa hannu a rubutaccen bayanin ganawa sai an karanta masa ya gyara.

Malam Na Gefe:

Baiwar Allah, ni ina ganin nasiha ya fi buƙata da addu'a, ba a taya shi neman takarda a kan wannan hanya ba.

Yayar Wani:

Malam, addu'a ina yi masa dare da rana. Abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa ba ni zan yi hukunci ba, ba kuma samarin da suka fasa masa kai suka ci kuɗinsa ba. Na goya yaron nan. Na zo tambayar yadda zai samu magani, da yadda ba za a mayar da shi hannun masu neman ransa ba.

Wanda Ya Bi Ta Nan:

Yaya, Allah ya saka miki. Da yawanmu ba mu da mai ɗaga mana waya.

Na zauna a irin kujerar da zai zauna. Abin da suka fi tsayawa a kai shi ne labarin rayuwata: yaushe na fara gane na bambanta da abokaina, me na ji, wa na fara gaya wa, yaya na riƙa ɓoyewa. Kada ya haddace labarin wani, kada ya ƙara gishiri. In bai tuna wata ko shekara ba, ya ce bai tuna ba. In kuka ya zo masa ya nemi a dakata, ana bayar da hutu. Rashin sanin sunan wata ƙungiya ko wani wurin taruwa ba ya rushe maganarsa, kotu ta faɗi haka.

Batun ɗaki kuma, ya gaya wa ma'aikacin jin daɗin jama'a na sansanin cewa ba shi da kwanciyar hankali, ya nemi a sauya masa. A wasu biranen akwai masauki na musamman don irinmu, Berlin na da shi tun 2016.

Ke ma za ki iya rubuta wasiƙar shaida: abin da idonki ya gani a daren da kika kai shi ɗinki, da abin da aka faɗa a gida bayan bidiyon ya fito. Ki tura wa lauyansa kai tsaye, sannan ki goge daga wayarki, don ke kina can a cikinsu.

Yayar Wani:

Na gode muku ƙwarai. Mun yi waya, ya yarda zai je wurin likita da safe, ya kuma samu lambar wata ƙungiya mai ba da lauya kyauta. Malam Tafinta, wasiƙar da Hausa zan rubuta ko sai na nemi mai Turanci?

Tsohon Tafinta:

Rubuta da Hausarki, Hajiya, ki sa kwanan wata da hannu. Kada ki ba kowa a kusa da ke ya fassara. Lauyan zai nemo wanda zai yi a can.