Alkawari 17, gurbi 5: yaya ake karanta jerin 'yan wasan hoki na jami'a kafin sabuwar kaka?

Sabon_Ɗan_Kallo:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata kan hokin ƙanƙara na jami'o'in Amurka ce, rukuni na ɗaya na NCAA (hukumar wasannin jami'o'in Amurka), ɓangaren maza. Ƙungiyar da nake bi tana da 'yan wasa 26, biyar daga ciki 'yan shekarar ƙarshe ne. Amma shafukan da ke bin diddigin ɗaukar 'yan wasa sun nuna yara 17 sun yi mata alkawarin zuwa. Ina za a zuba mutum 17 a gurbi biyar? Sannan da me ake auna ko ƙungiya za ta taɓuka a kaka mai zuwa? Duk wanda na karanta, sai ya lissafo waɗanda NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, ta zaɓa a zaɓenta na matasa ya ce shi ke nan, kofi ya zo gida.

Mai_Lissafi:

Wa'alaikumus salam. Malam, abu biyu ka haɗa wuri guda. Jerin alkawari daban, jerin waɗanda za su sa riga a watan Oktoba daban.

Fara da guraben, don ba biyar ba ne. Ƙofa uku ake fita ta cikinta. Akwai masu gama karatu, su ne biyar ɗinka. Akwai masu sa hannu a kwantiragin ƙwararru, kuma wannan yakan faru ne kwana ɗaya zuwa mako guda bayan an fitar da ƙungiya daga gasa, ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. Da yaro ya sa hannu, damarsa ta jami'a ta ƙare, babu dawowa. Ta uku ita ce rajistar sauya sheƙa, inda ɗan wasa ke sa sunansa idan yana son komawa wata jami'a. An buɗe ta a 2018, a 2021 aka bar ɗan wasa ya sauya jami'a sau ɗaya ba tare da zaman shekara guda ba, a 2024 kuma aka cire iyakar gaba ɗaya ga wanda karatunsa ke kan hanya. To a ce biyu sun tafi ƙwararru, uku sun sauya sheƙa. Gurabenka sun zama goma.

Kada ka ɗauka goman nan duka na sababbin yara ne. Koci zai cike biyu ko uku daga rajistar sauya sheƙa, musamman idan ɗan baya ko gola ya rasa, domin yana son wanda ya riga ya buga wasa sittin ko saba'in a wannan mataki. Saura bakwai. Cikin 17 ɗinka, goma za su jira.

Jiran kuwa ba sabon abu ba ne. Doka ta bar koci ya fara magana da yaro daga 1 ga Janairu na ajinsa na 10, ya kuma yi masa tayi daga 1 ga Agusta kafin ya shiga aji na 11. Wato yaro ɗan shekara 16 ne ke yin alkawari, alhali yawancinsu sai sun kai 19, 20, wasu ma 21 suke shiga jami'a. Tsakani suna buga gasar matasa: USHL mai ƙungiyoyi 16, ko NAHL, ko BCHL a yammacin Kanada. Saboda haka jerin 17 na shekara uku ne ko huɗu, ba na bana kaɗai ba. Ka rarraba su bisa shekarar haihuwa. Wanda ya buga kakarsa ta ɗan 20, shekarunsa na gasar matasa sun ƙare, ko ya zo bana ko ya nemi wani wuri. Ɗan 18 kuwa ana iya ce masa ya ƙara shekara, sai fa in tauraro ne.

Alkawarin kansa na baka ne, ba ya ɗaure kowa. Abin da ke ɗaurewa shi ne takardar tallafin karatu da aka sa wa hannu, wadda ta maye gurbin tsohuwar takardar niyya da NCAA ta soke a Oktoba 2024. Koci ba kasafai yake cewa "na janye" ba. Sai ya ce a ƙara shekara, ya sake cewa a ƙara wata, ko ya rage tallafin daga kashi 75 zuwa 25. Yaro mai hankali ya gane an nuna masa ƙofa.

Wani abin da ke kayar da yara a ɓoye shi ne karatu: darussa 16 na tilas a sakandare, matsakaicin maki 2.3, da tantancewar cibiyar cancanta ta NCAA. Bayan wannan jami'ar ma tana da nata ma'aunin shiga. Idan ka ga suna ya ɓace daga jeri a watan Yuni ba bayani, sau da yawa nan matsalar take.

Hajiya_Mai_Doka:

Bayanin Malam Mai_Lissafi daidai ne, amma dokoki biyu sun sauya lissafin, kuma wanda bai sa su a ciki ba zai yi ta mamaki.

Ta farko, Kanada. Shekara da shekaru NCAA tana ɗaukar CHL, babbar gasar matasa ta Kanada mai rassa uku, wato OHL da WHL da QMJHL, a matsayin gasar ƙwararru. Yaro ya buga wasa ɗaya a can, ya yi ban kwana da jami'ar Amurka. A Nuwamba 2024 aka soke wannan, daga 1 ga Agusta 2025 'yan CHL suka samu izinin shiga rukuni na ɗaya, da sharaɗin ba a biya su fiye da ainihin kuɗin ɗawainiya ba. Kowa ya ji labarin manyan: Gavin McKenna daga Medicine Hat zuwa Penn State, Porter Martone zuwa Michigan State, Keaton Verhoeff zuwa North Dakota. Amma ba su ne suka fi taɓa jerinka ba. Waɗanda suka taɓa shi su ne 'yan shekara 20. Kowace ƙungiyar CHL mutum uku kacal aka yarda ta riƙe masu wannan shekarun, kuma a da idan sun gama ba kwantiragi, jami'o'in Kanada suke tafiya. Yanzu ga su a kasuwa, kowanne da wasa ɗari biyu ko fiye a bayansa. Ka sa kanka a kujerar koci: ga yaron da ya yi maka alkawari yana ɗan 16 kuma bai bunƙasa yadda aka zata ba, ga kyaftin ɗin wata ƙungiyar WHL yana neman gurbi. Wa zai jira?

Ta biyu, sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasan jami'a suka shigar kan biyan su kuɗi, wanda kotu ta amince da shi a Yuni 2025. A da iyakar tallafin karatu 18 ce cikakku, ana yanka su ana raba wa mutum 26 zuwa 28, wasu ƙungiyoyin har 30 suke riƙewa. Yanzu jami'ar da ta shiga tsarin an ɗage mata iyakar tallafi, aka sa mata iyakar mutane: 26. Jami'o'in rukunin gasa na Big Ten duk suna ciki. Shida na rukunin jami'o'in Ivy da ke buga gasar ECAC, wato Harvard, Yale, Cornell, Princeton, Brown da Dartmouth, ba sa ciki, dama can ba sa ba da tallafin wasanni. Don haka kafin komai, ka gano ƙungiyarka ta shiga ko ba ta shiga ba. Idan kuma ka ga wadda ta shiga tana da 27 ko 28, ba laifi ta yi ba, an keɓe waɗanda sabuwar iyakar za ta kora a shekarar farko, ba a ƙirga su har su gama.

Ku lura da yadda 26 ta matse. A ranar wasa ana sa wa mutum 19 riga ban da gola: 'yan gaba 12 a layi huɗu, 'yan baya shida, da ƙari ɗaya. Ƙara gola uku, 22. Saura huɗu. Rauni biyu da mura a watan Janairu, ga kuma mutum biyu sun tafi gasar matasa ta duniya a ƙarshen Disamba, sai ka ga ɗan gaba yana tsaron baya. Shi ya sa koci ba ya iya ajiye yaro shekara biyu yana koyo a benci kamar da. Duk wanda aka kawo, ana son ya iya wasa yanzu.

Batun kuɗi kuma, izini daban, aljihu daban. An yarda a ba mutum 26 cikakken tallafi, ba a ce dole ba. Rabon kuɗin shiga ga 'yan wasa da aka ƙayyade kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko na jami'a ne gaba ɗaya, kuma a manyan jami'o'i ƙwallon Amurka da kwando ke kwashe mafi yawa. Ɗan Kanada ko ɗan Turai da ke kan bizar ɗalibi kuma akwai takunkumi a kan irin kuɗin da zai iya karɓa a cikin Amurka.

Sabon_Ɗan_Kallo:

Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya. Na rarraba su, shida ne 'yan 20, sauran ƙanana. Yanzu lissafin ya zauna. Saura tambaya ta biyu.

Bakin_Raga:

Ɗan'uwa, ƙirga waɗanda NHL ta zaɓa ba ya gaya maka komai sai abin da ake fatan yaro ya zama yana ɗan 25. Kai kuwa tambayarka ta watan Maris mai zuwa ce.

Duba tarihi na kusa. A zaɓen 2021, huɗu cikin biyar na farko 'yan Michigan ne: Owen Power, Matty Beniers, Luke Hughes da Kent Johnson. A 2022 Denver ta cire su a wasan kusa da na ƙarshe. A 2023 Minnesota tana da Logan Cooley da Matthew Knies da Brock Faber, Quinnipiac ta doke ta 3-2 a wasan ƙarshe, daƙiƙa goma da fara ƙarin lokaci. A 2024 Boston College ta zo da Will Smith da Cutter Gauthier da Ryan Leonard, Denver ta ci wasan ƙarshe 2-0, golanta Matt Davis ya tare 35. A 2025 Western Michigan, wadda ba ta taɓa ɗaukar kofin ba, ta lallasa Boston University 6-2 a wasan ƙarshe.

Ga abin da zan duba, bisa nauyinsa.

Gola tukuna. Kakar wasa 34 ce kawai, mafi yawa Juma'a da Asabar, don haka gola ɗaya na iya buga kusan duka. A ce ana harba masa 28 a kowane wasa, wato kusan 950 a kaka. Mai tare kashi 92 cikin ɗari zai sha 76, mai tare kashi 90 zai sha 95. Bambancin ci 19 ne, fiye da rabin ci a kowane wasa, a gasar da wasanni da yawa ke ƙarewa da tazarar ɗaya. Idan golanka na ɗaya ya tafi kuma wanda zai gaje shi bai taɓa buga wasan jami'a ba, ka rage fata komai kyan lambobinsa a gasar matasa.

Sai 'yan baya huɗu na sama, masu cin minti 20 zuwa 25. Nawa suka dawo? Sabon ɗan gaba na iya ɓuya a layi na uku ya koya a hankali. Sabon ɗan baya ba shi da maɓoya, ɗan 18 ne yana kokawa da mai 24 a kusurwa, kuskurensa kuma a raga yake ƙarewa. Ƙungiyar da ta sa sababbi uku a baya, ka sa ran za ta sha wuya har Disamba.

Sannan ciwaciwan da suka dawo. Tara cin da 'yan wasan da suka rage suka yi bara, ka raba da jimillar na ƙungiya. Idan kashi biyu cikin uku ya dawo, tushe na nan. Ƙasa da rabi, gini ake sakewa. Amma ka tace: cire cin da aka yi lokacin da abokan hamayya ke da mutum a akwatin hukunci, domin wannan na mai samun gurbin ne, wani zai gada. Ka kuma duba wanda ya ci 20 da harbi 90. Wannan ya haura kashi 20 cikin ɗari, ba kasafai yake maimaituwa ba.

Makin sababbi kuma kada ka kwaso shi yadda yake. Maki 60 a USHL a hannun ɗan 17 abin mamaki ne, a hannun ɗan 20 abin da ake tsammani ne.

Mai_Lissafi:

Malam Bakin_Raga, na yarda da gola da 'yan baya, amma misalanka sun ɗan yi wa taurari rashin adalci. Gasar ƙasa ƙungiya 16 ce, shida zakarun rukunoninsu, goma bisa ma'aunin lissafi, kuma wasa ɗaya ne, wanda ya faɗi ya tafi gida. A irin wannan tsari gola mai zafi na iya kayar da kowa a dare ɗaya. Duk ƙungiyoyin da ka ambata sun kai zagayen huɗun ƙarshe, taurarin ne suka kai su. Denver ta 2024 ma tana da Zeev Buium, ɗan shekarar farko, a bayanta.

Inda tauraro ke cutar da ƙungiya shi ne tsarin shekaru. Adam Fantilli shekara ɗaya ya yi a Michigan, Macklin Celebrini shekara ɗaya a Boston University, dukansu sun ɗauki kyautar Hobey Baker ta gwarzon ɗan wasan shekara sun wuce. Idan koci ya shirya yaro zai yi shekara uku ya yi ɗaya, dole ya jawo wani daga gasar matasa kafin ya nuna, ko ya ruga rajistar sauya sheƙa. Can ma akwai alheri: Isaac Howard ya bar Minnesota Duluth zuwa Michigan State, ya ɗauki Hobey Baker a 2025. Amma a kan kowane irinsa akwai da yawa da suka tafi don ba sa samun minti, kuma dalilin rashin mintin yana bin su.

Hajiya_Mai_Doka:

Ƙarin abu ɗaya ga mai tambaya: lokaci. Duk hasashen da aka rubuta a Afrilu ɗanye ne. Ka jira rajistar sauya sheƙa ta rufe, ka jira zaɓen NHL na ƙarshen Yuni, ka jira sansanonin horo na farkon Yuli, domin a nan ne wasu ƙungiyoyin NHL ke shawo kan yaro ya sa hannu bayan koci ya gama shiri da shi. Jerin da jami'a ta wallafa da kanta a ƙarshen bazara shi ne na aiki. Idan ya fito, ka duba 'yan 20 ɗin nan naka shida. Wanda babu sunansa a ciki, ka cire shi daga lissafi gaba ɗaya.