Tikitin jirgin ruwa ya haɗa komai, ko da sauran rina a kaba?

Yaya Babba: Assalamu alaikum 'yan gida. In Allah ya kai mu dogon hutun yara, zan kai iyali yawon jirgin ruwa a Bahar Rum, kwana bakwai. Za mu shiga a Basalona, mu taɓa Faransa da Italiya, mu komo. Na buga lissafi, ya fi zaman otal sauƙi nesa ba kusa ba. Biya ɗaya ne, komai yana ciki.

Kawu: Wa alaikumus salam. Wa ya ce maka komai? Ɗaki da abinci dai. Ni da na shiga, daren da za mu sauka aka turo mini takardar kuɗi, sai da na nemi kujera. Akwai kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa mutum kullum, ko ka ga mai hidimar ko ba ka gan shi ba. Lemo da kuɗinsa, intanet da kuɗinsa, fita yawon gari da kuɗinsa. Za su rubuta maka Rum a takarda, alhali inda jirgin ke tsayawa tafiyar wajen awa guda ce a jirgin ƙasa kafin ka ga birnin. Kuma in ka fita da ƙafarka ka makara, jirgi ba motar Kawo ba ce da za ta jira ka.

Anti: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma ni ina bayan Yaya. Mutum shida ne fa. A ce otal a gari uku lokacin zafi, da ci sau uku a rana, da jigilar akwatuna daga tasha zuwa tasha da yara huɗu. A jirgin ruwa sau ɗaya za ka kwance kaya. Wanda bai so lemo ya sha ruwa.

Auta: Haba Anti, wa zai hana Baffa ƙarami lemo kwana bakwai?

Kawu: Ban ce babu daɗi ba, 'yata. Kalmar komai ɗin nake ja da ita. Mu fara tun daga gida: jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, kwanan Abuja, tikitin jirgin sama na mutum shida, sannan ku isa Basalona kwana guda kafin ranar shiga, don jirgin sama yana iya jinkiri. Bizar Shengen, wato bizar shiga yawancin ƙasashen Turai, Yuro 90 ce ga babba tun 2024, Yuro 45 ga yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12, kuma in an hana ka ba a mayar da kuɗin. Sai inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Wanne daga ciki ke cikin tikitinka?

Yaya Babba: Na yarda da wannan, Kawu. Amma dai biza guda ce ta wadatar, Sifen da Faransa da Italiya duk gida ɗaya ne.

Auta: Yaya, takardar da ka turo akwai Tunis a rana ta biyar.

Kawu: To ka ji. Tunisiya ba ta cikin Shengen. Kun fita ke nan, komawa Basalona shiga ta biyu ce. Mai shiga ɗaya ba za ta yi ba, sai mai shiga da yawa. Ka sa kamfanin ya rubuto maka abin da ake nema ga mai fasfon Najeriya a kowace tasha, ka duba fasfon yaran ma, don akasari ana son saura wata shida a kai.

Gwaggo: Ni duk wannan bai dame ni ba. Me za ku ci? Ina za ku sa goshi, jirgi yana ta juyi?

Anti: Gwaggo, akwai kifi da ƙwai da ganye, kuma ana sanar da su tun wajen biya. Alƙibla waya tana nunawa. In ma hankali bai kwanta ba, Saudiyya tana da nata jirgin, AROYA, ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, babu giya a ciki.

Yaya Babba: Su yaran, Turai suke so su gani.

Gwaggo: To. Ita mai ɗakin naka da ba ita kaɗai ba fa? Ko ni kaɗai ke da ido?

Kawu: Masha Allah! Ashe da magana. Yawancin kamfanonin nan ba sa ɗaukar mai juna biyu da ta shiga mako na 24, kuma suna neman takardar likita. A bakin tasha za su tsayar da ita.

Yaya Babba: Auta, ƙirgo mini makonni daga yau zuwa Agusta.

Auta: Daga ina zan fara ƙirgar? Tambayi Gwaggo.